Yadda Na Kai Jar Dawar Inna Wurin Masu Farar Riga

Tun da na dawo ban samu sakat ba. Duk wanda ya gan ni, a bakin rijiya ko bayan an sallame Juma'a, sai ya ja ni gefe ya ce, "Sha'aibu, wai mi ka gano can?" Na gaya wa wasu da baki, amma kullum na faɗa sai labarin ya fito daban, domin ni kaina ba duka na gane ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, da abin da na fahimta da abin da ya shige mini duhu.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne yamma da Illela ta Nijar, kuma damuwarmu haki ne. Samari sun watse, wasu haƙar zinariya wasu ci-rani, an bar dattawa da mata da gonaki. Da mukan sayo maganin haki a Konni mu fesa, ya kwanta. Yanzu akwai wani mai faɗin ganye da in an fesa masa sai ya yi laushi kamar mai zazzaɓi, ya kwana biyu, ya miƙe ya fi da. Bara gonaki da dama ya cinye su tun gero bai kai gwiwa ba.

Da kaka malaman gona suka zo garinmu da wata baƙuwa daga Nijeriya, Dakta Rabi. Ta zaga gonaki, ta tsaya a 'yar gonar mahaifiyata da ke bayan gida. Inna tana da wata jar dawa da ta gada wurin uwarta. Tuwonta da ɗan bauri, ba kowa ke so ba, amma Inna ba ta taɓa barin irin ya ɓace ba. Abin da ya tsayar da Dakta shi ne ƙarƙashin dawar kusan babu haki. Ta tumɓuke gindi guda, ta duba saiwar da wani ɗan madubi, ta yi ta maganar saiwa, saiwa, wai akwai wani mai da take fitarwa. Ta karɓi lambar wayata ta tafi.

Da bazara ta kira ni. Ta ce, "Malam Sha'aibu, muna so ka zo mana da irin dawar nan, ka kuma ga aikin da idonka. Muna ƙoƙarin haɗa sabon maganin ciyawa daga gare ta. Farkon watan gobe, ranar Talata, direba zai same ka a Illela."

Ni da na ji "irin dawar nan", kuma na tuna yadda ta damu da saiwa, sai na ɗauka dawa mai rai take so, da saiwarta. Na samo bokitai uku na cika da ƙasar gonar Inna, na shuka, na yi ta ban ruwa safe da maraice har ta kai kamu biyu. Kafin nan magana ta zaga gari cewa Sha'aibu zai tafi ɗauko sabon magani. Ban faɗi haka ba, amma ban musa ba, don ni ma haka na zata. Mutane suka yi ta kawo mini jarkoki wofi, waɗanda muke ce wa bido, kowa da ƙyallen da ya ɗaura wa nasa don kada a musanya. Inna kuwa ta auno tiya guda ta jar dawar ta ƙulle mini a zane. Ta ce, "Abincin birni ba shi riƙe ciki. Ka ba a dama maka kunu."

Ranar Talata tun da hantsi ina tashar Illela, bokitai a gabana, bido a ɗaure a bayana kamar mai tallarsu. Azahar ta yi babu mota. Can sai waya ta yi ƙara, wani mai suna Malam Garba ya ce shi ne direba.

"Kana ina?"

Na ce, "Ina Illela, bakin tasha."

"Ni ma ina bakin tasha. Farar mota."

Na waiga ko'ina, babu farar mota sai wata tsohuwar taksi da aka ɗora bisa duwatsu. Na ce, "Kana ganin mai gasa nama?" Ya ce yana gani. Na ce, "To ni ne a gefensa da bokitai." Ya ce a gefen nasa mai naman babu kowa sai masu canjin naira. Ashe shi yana Illela ta Nijeriya, wadda ke hayin iyaka daga Konni, ni kuma ina tamu. Ya ce motarsa ba ta da takardun shigowa, sai dai in taho da kaina ya jira ni gobe.

Na shiga taksi zuwa Badagishiri, daga can wata zuwa Tsarnawa. Direban ya ƙi yarda bokitai su shiga ciki, aka ɗaure su bisa rufi. Duk tafiyar ina leƙawa ta taga ina ganin ganyen dawa na shillo a iska. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni ko na magani ne. Na ce e, na magani ne. Ta ce na wane ciwo? Na ce na haki. Ta dube ni, ta gyara zama ta ɗan matsa.

A Tsarnawa babu motar da ta yarda ta ɗauke ni da kayan nan, sai wani mai kamiyon siminti da ya fito daga Malbaza, Ahmudu, Buzu ne mai fara'a. Ya ɗora bokitan bisa buhuna, ya zuba mini shayi a ɗan kofi. Ya ce, "Ni dai na san ana kai dawa kasuwa cikin buhu. Kai ne na farko da na ga yana tafiya da ita da ranta." Da muka iso Konni ganyen ya yi fari fat da ƙurar siminti, gefensa duk ya yayyage. Na kwana gidan ɗan kawuna mai sayar da albasa, na wanke su ganye ganye kamar mai yi wa jariri wanka.

Da safe kabu-kabu biyu suka kai ni iyaka, ɗaya ni da bokiti a cinya, ɗaya sauran kaya. Katin shaidata bai ba da wahala ba. Wahalar tana wurin wani ma'aikaci mai duba tsirrai. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama. Ya ce tsiron zai iya wucewa tunda na bincike ne kuma Dakta ta yi masa bayani ta waya, amma ƙasa ba ta ƙetare iyaka, don tana iya ɗauke da ƙwari ko cuta. Na dubi ƙasar da nake tsaye a kai, na dubi ta gaba kaɗan, iska na kwasar wannan tana zubawa a kan waccan. Na zauna gefen hanya na zazzage bokitai, na wanke saiwa, mutane sun kewaye ni suna ba ni shawara. Na yanke bakin bido guda na zuba ruwa na tsoma dawar ciki.

Sauran bidon kuma aka tambaye ni ko fetur zan sayo. Na ce magani za a ba ni. Suka ce shigowa da maganin feshi sai da izini, wane suna gare shi? Na ce ban sani ba. Wa ya yi shi? Na nuna dawar. Daga ƙarshe na kira ɗan kawuna ya zo ya koma da su gidansa.

Malam Garba yana can yana jira, muka gaisa muna dariya kamar mun daɗe da sanin juna. Muka bi ta Sakkwato muka fita bayan gari zuwa cibiyar binciken. Hausarmu ɗaya da mutanen hanyar, amma da an shiga cibiyar sai ta sake. In na ce buro sai su ce ofis, in na ce na yi lakwal, wato makaranta, sai su tambaye ni wane gari ne Lakwal. Magana ɗaya rabinta Ingilishi.

Aka sauke ni a masaukin baƙi. Ɗakin yana da na'urar sanyi da na kasa gano inda ake kashe ta, kunya kuma ta hana ni tambaya, na wayi gari da mura a tsakiyar bazara. Mai dafa abinci wata dattijuwa ce, Hajiya Kulu. Tun ranar da na sauka ta kawo mini taliya da ƙwai, da shayi cikin wani ƙaton kofi cike da madara, irin wanda a garinmu mutum huɗu za su sha. Na ci don girmamawa, sannan na kwance ƙullin Inna na ba ta, na ce in babu damuwa a dama mini kunu gobe.

Washegari aka kai ni wurin Dakta Rabi. Kafin mu shiga zance na nuna mata gwiwata da ke damuna tun bara. Ta yi murmushi ta ce ita ba likitar mutane ba ce, ta tsirrai ce. Na ce to madalla, ga marasa lafiya na kawo mata, na ajiye bidon a gabanta. Dawar ta yi yaushi, ta sunkuyar da kai, saiwar ta fara wari.

Ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ina irin?"

Na ce, "Ga shi nan."

"A'a, iri. Ƙwayar da ake shukawa."

Wata guda ina ban ruwa, na yi yini biyu a hanya, ashe cikin aljihu ya kamata abin ya zo. Ta ce waɗannan ba za su yi ba, man da suke nema a jikin sabuwar saiwa yake, kuma su suke tsirar da ita da kansu a wuri mai tsabta. Na ji kamar in nutse. Sai kunu ya faɗo mini a rai.

Ban san na iya gudu haka ba. Ni a gaba, Dakta da farar rigarta a baya, muka ratsa filin cibiyar. Muka tarar da Hajiya Kulu ta tsane dawar daga ruwan da ta kwana ciki, ta ɗora roba a ka za ta kai inji. Dakta ta ce, "Hajiya, tsaya, don Allah sauke!" Hajiya ta sauke a tsorace, ta ce wallahi ba ta sa komai ciki ba. Dakta ta damƙi ƙwayar ta duba, ta fashe da dariya. Ta ce jiƙon ma ya rage musu aiki, dama da jiƙo ake farawa. Kunun dai ban sha ba har na baro garin.

Na yi kusan mako a can ana jiran tsiro. Wanda aka haɗa ni da shi wani ma'aikaci ne magidanci, Malam Nura, mai haƙuri ƙwarai. Kafin in shiga ɗakin aikinsu aka sa mini farar riga da safar hannu. A gida in za ka shiga wuri mai daraja takalmi kake cirewa, su kuwa wata leda suke ƙara wa takalmin. Ba a ci, ba a sha, goro ma sai da na fitar daga bakina.

Dawar Inna suka shimfiɗa bisa jiƙaƙƙiyar takarda cikin faranti, babu ƙasa ko ƙwaya, suka sa a akwati mai duhu. Da ta tsiro Malam Nura ya sa saiwar ƙarƙashin madubi ya ce in leƙa. Na ga gashi gashi, a bakin kowane akwai ɗigo mai ruwan zuma. Ya ce shi ke nan abin da ake nema. Na ce wanga ɗan abu? Ya ce shi.

Dakta ce ta zauna ta yi mini bayani, kuma zan faɗa yadda na riƙe shi, in na karkace laifina ne. Ta ce ganye da hasken rana yake dafa abincinsa, da ruwa da iska. Na ce to taki fa da muke wahalar kaiwa gona? Ta ce shi ma ana so, amma kamar gishiri ne da daddawa, tuwon kansa daga haske yake. Tun a nan na fara ɓata. Ta ce a cikin koren ganye akwai wani wuri da ƙarfin hasken ke taruwa, akwai kuma wani ɗan dako da ke zuwa ya zauna a gurbinsa, a ɗora masa kaya ya kai gaba, wani ya zo. Man saiwar dawa ya yi kama da ɗan dakon nan. Sai ya shiga gurbin ya zauna, ba ya ɗauka, ba ya tashi. Kaya su taru, hasken da ke ciyar da ciyawar ya koma ƙona ta.

Na ce, "To maganin da muke saye Konni?"

Ta ce da yawansu wannan gurbin suke tarewa su ma. Amma da aka yi ta fesa iri ɗaya shekara da shekaru, ciyawar da gurbinta ya ɗan bambanta ita ta tsira ta hayayyafa, yanzu maganin in ya zo ba ya samun wurin zama. Na dawa kuwa zamansa daban ne, shi ya sa suke sa rai.

Na ce to a matse saiwar a zuba mana a bido mana. Ta ce ai da an huta. Man kaɗan ne ƙwarai, ba ya gauraya da ruwa, kuma ba ya ratsa ganyen ciyawar da ta girma. Don haka ba shi za su sayar ba, kwaikwayonsa suke yi. Malam Nura ya nuna mini a kwamfuta wani abu kamar ƙadangare, kai da dogon wutsiya, yana juyawa. Ya ce siffar man ke nan. Kan suke bari, wutsiyar suke gyarawa, su rage, su ƙara, su gwada ko zai shiga gurbin. Na tambaye shi ina hakin da ake kashewa. Ya ce tukuna, a nan cikin kwamfuta ake fara gwadawa, wanda ya yi kyau shi ake haɗawa a kwalba. Na daɗe ina kallon ƙadangaren nan. Har yau ban gane yadda ake sanin dafin abin da ba a yi ba tukuna.

Wanda ya fi rikita ni shi ne wani akwatin hoto. Suka ɗiga wani haɗi a ganye guda, suka bar ɗaya, suka sa su ciki suka rufe. A allo ɗaya ya fito da haske jawur, ɗaya dishi-dishi. Malam Nura ya ce in nuna mai lafiya. Na nuna mai haske. Ya ce wannan ne mai mutuwa, hasken da ya kasa ci ne yake maidowa. Na ce a garinmu mai ƙyalli shi ne mai ƙoshi. Ya ce a nan ba haka ba ne.

Ranar da zan taho suka kai ni wani ɗakin gilas inda tukwane ke jere. Dakta ta nuna mini wani layi da aka fesa wa haɗin da suka fi sa wa rai. Hakin ya bushe ƙurmus, har da mai faɗin ganyen nan da ya hana mu barci. Na ce Alhamdu lillahi, wannan za a ba ni. Ta ja ni zuwa layi na gaba. Wake ne, shi ma ya bushe ƙurmus. Ta ce gurbin nan ba ciyawa kaɗai ke da shi ba, duk wani mai koren ganye yana da shi. Sai sun samo wanda zai bar wake da gero, sannan a duba ko yana cutar da mutum, da dabba, da ruwan rijiya.

Na ce, "Dakta, kamar yaushe? Mutane na jira."

Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, Malam Sha'aibu. Shekaru ne. Yana yiwuwa ma wannan hanyar ta ƙi, mu sake wata. Amma dawar Inna ta fi duk waɗanda muka gwada yawan mai. Ka gaya mata."

Ta ce in damina ta kama za su zo su yi gwaji a gonakinmu, a shuka jar dawar da kauri inda haki ya fi yawa a ga iya abin da za ta yi da kanta. Da wannan na juyo.

Dawowa ba ta da labari, mutum da hannu wofi ba wanda ke tsayar da shi. Da na iso gida aka taru ƙofar maigari. Na yi bayanin ɗan dako da gurbi da ƙadangare, ina yi ina jin yadda maganar ke kuɓuce mini. Wani ya ce wato dawa ke cin haske ko haki? Wani ya ce wane ɗan dako, na Konni? Aka watse ba daɗi. Inna kaɗai ta ji daɗin saƙonta, ta ce dama ta san uwarta ba ta ajiye banza.

Sai bayan kwana biyu na ji abin da ya fi damuna. Maƙwabcina Idi, dattijo ne da 'ya'yansa maza duk suka tafi zinariya, ashe ina can ya share tsohuwar saurar mahaifinsa ya haɗa da gonarsa, ya zuba duk irin da ya rage masa, a kan cewa magani na zuwa. Ruwa ya sauka, gero ya fito, haki ya fito tare da shi. Na je na same shi in ba shi haƙuri. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Kai ma ba ka sani ba."

Na bi gida gida na roƙi gayya. Waɗanda suka zo ba su da yawa, kusan duka masu furfura ne, da mata kaɗan. Muka shiga saurar da hauya tun da sanyin safiya. Rana ta take, muka zauna gindin wata bagaruwa muna shan fura, ba mu ci ko rabin saurar ba. Idi ya tsinko haki guda yana juya shi a hannu.

Ya ce, "Sha'aibu, sake gaya mini. Wai wanga haki, haske shika ci?"

Na ce, "Haka suka ce."

"To ni da maraice nika barinai ɗan ƙarami, in dawo da safe in iske ya ƙaru. Cikin duhu mi ya ci?"

Na tuna farar riga da akwatin hoto da duk abin da aka nuna mini. Na ce, "Wallahi Idi ban sani ba. In sun zo ka tambaye su da kanka."

Ya ce, "Ina tambayassu kuwa." Ya jefar da hakin, ya dafa gwiwa ya miƙe. "Ku tashi, shi ba ya hutawa."